Uwa Ake Fara Rubutawa

Har gobe ban manta da ranar da aka tambaye ni suna a gaban mutane bakina ya ƙi buɗewa ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun san ni da surutu, har na ji wasunku na kirana rediyo a bayan idona, to ranar ko tari ban iya yi ba. Tunda kun tsare ni da tambayar yadda ake raɗa wa furen okid suna, ku gyara zama in ba ku labarin, don ni ma a cikinsa na gane abin sosai.

Na zo lambun nan da 'yar takardata ta difloma a aikin gona, aka ɗauke ni mai ban ruwa, wato matakin da babu na ƙasa da shi sai mai shara. Mai lambun, Hajiya Dakta, malamar ilimin tsirrai ce a jami'a. Da ta yi ritaya ta sayi wannan fili a kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa saboda ɗan sanyin da ake samu a gindin duwatsu. Mangwaro da gwaiba da lemo su ne suke ciyar da lambun, kuma Malam Sabi'u manaja ne yake riƙe da su da duk harkar ciniki. Rumfar okid kuwa son ran Hajiya ce kawai. Malam Sabi'u yakan kira ta rumfar shan ruwa, amma ba a gabanta ba.

Bayan na ɗan daɗe aka mai da ni mataimakin mai kula da rumfar, Hajiya da kanta ta shiga koya mini. Abin da ta fara nuna mini shi ne aure iri biyu ne a lambu. Wanda kowa ya sani shi ne na mangwaro, ka yanko reshe ka ɗaura a jikin wata bishiya, abin da zai fito reshen nan ne dai, bai canza ba. Na okid kuwa haihuwa ce. A tsakiyar kowane fure akwai 'yan dunƙule rawaya kamar ƙwayar gero, su ne namijin. Da tsinken sakace ake ɗauko su daga wannan fure a manna a wancan. In Allah ya sa ya kama, furen da ya karɓa zai yanƙwane, gindinsa ya kumbura ya zama ƙwanso cike da iri. Tsiron da ya karɓa shi ne uwa, wanda aka ɗauko daga jikinsa shi ne uba, 'ya'yan kuma ruwa-biyu.

Sai maganar suna. Okid ɗin da Allah ya halitta a daji suna biyu gare shi, na dangi da babban harafi, sannan nasa na kansa da ƙaramin harafi. Ruwa-biyu kuwa kafin ya yi fure ba shi da suna sai na iyayensa. Za ka rubuta uwa, ka sa alamar sau irin ta lissafi, sannan ka rubuta uba. Ranar da ta gaya mini haka na ɗauka ta yi tuntuɓen harshe ne.

Na ce, "Hajiya, ai da sunan uba ake kiran ɗa."

Ta ce, "A gidanku ba. A nan uwa ake fara rubutawa, don ita ce babu shakka a kanta. Ita ta ɗauki cikin, a jikinta aka tsinko shi."

Na ce a raina, aikin Turawa sai su, komai a juye. Na bi dai, don mai koyo ba ya jayayya. Ta ƙara da cewa in 'ya'yan suka girma suka yi fure, kuma aka duba aka ga ba a taɓa haɗa waɗannan iyaye biyu ba, sai a raɗa wa haɗin suna a aika wata hukuma a Ingila da take riƙe da rajistar duniya. Daga ranar duk wanda ya sake haɗa su, a kowace ƙasa yake, da sunan nan zai kira abin da ya samu. Kuma wanda ya yi haɗin da hannunsa shi ke da haƙƙin zaɓen sunan, ko shi ne mai lambu ko ba shi ba ne.

Akwai wata okid ta gida da muke da ita. Wani makiyayi da ke kawo mana nono ne ya ba Hajiya labarin wata katuwar bishiya da iska ta kayar a bakin rafi wajen Doguwa, da wani abu manne a reshenta mai kama da rake. Muka je muka ɗauko. Saiwoyinta a tsaye suke suna kallon sama kamar kwando, furenta rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, shi ya sa muka sa mata 'yar damisa. A littafi Ansellia africana ce. Ba ta da tsirfa, ko ka manta da ita tana nan. Akwai kuma wani baƙo daga dangin Cymbidium da Hajiya ta zo da shi daga waje, ɗan gata, rana kaɗan ya langaɓe, ruwa ya yi yawa ya ruɓe. Hajiya ta sha gwada haɗa su da baƙon a matsayin uwa, kullum ƙwanson ya zube. Wata shekara suka yi fure lokaci guda, hannunta kuma ya fara rawar tsufa, ta ce in gwada duk abin da na ga dama. Ni kuwa na juya abin, na mai da 'yar gida uwa, ba don wani ilimi ba, don dai na ga ta fi ƙwari. Sai ya kama.

Kada ku ɗauka daga nan sai fure. Irin okid kamar gari yake, ba ya tsirowa a ƙasa. Sai da Hajiya ta aika ƙwanson wajen wani tsohon ɗalibinta mai ɗakin gwaje-gwaje, ya shuka a kwalabe, bayan an ɗauki lokaci aka dawo mana da su. Muka fitar, muka dasa a gawayi da ɓawon itace, mafi yawansu suka mutu, 'yan tsiraru suka rayu. Ina ɗan saurayin ango na yi haɗin nan, ban ga tohon fure ba sai da na tara 'ya'ya uku.

To a nan maganar gidanmu ta shigo, don ba za ku gane shirun da na yi ba sai da ita. Ni mutumin Yako ne a ƙasar Kiru, kuma ni ne ɗan fari. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Inna ce ta riƙe ni da ƙanwata da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Irin matan da ce, masu alkunya ta gaske. Tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai wancan, ko yaron nan, kuma ko ciwo nake yi ba ta nuna damuwa a gaban mutane. Burina ɗaya tun ranar da na yi aure, in samu 'ya mace in yi mata takwara. Allah ya ba ni namiji, ya ƙara, ya sake ƙarawa, a na ukun aka yi wa matata aiki, likita ya ce a tsaya haka in ana son ranta. Ƙanwata na da 'ya'ya mata, amma kun san uba ke sa suna, duk na dangin mijinta suka ci.

Inna ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Sai dai ranar sunan autana na ji wata maƙwabciyarmu tana tsokanarta, wai har yanzu ba ta samu takwara ba, sa'o'inta kuwa takwarorinsu har sun fara kai musu niƙa. Inna ta ce, "Masu rai ake roƙo, ba suna ba," ta yi dariya. Na san dariyar Inna, wannan ba ita ba ce. Abin ya tsaya mini a rai, ga shi kuma shekarunta sun ja, ƙafa ta fara ba ta wahala.

Da na ga tohon furen nan sai tunanin ya faɗo mini. Na yi ta korarsa, ina cewa wane mai hankali ne zai yi wa uwarsa takwara da tsiro. Matata kaɗai na gaya wa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Ka yi mana. Abin da Allah ya ba ka kenan."

Furen ya buɗe a farkon rani. Ya ɗauko faɗin uban, ya ɗauko zanen uwar, kowa ya shigo rumfar sai ya tsaya. Hajiya ta bincika ta tabbatar ba a taɓa yin wannan haɗi ba. Sunan dangi ba shi da wahala, tunda iyayen dangi biyu ne, rabi ake ɗauka nan rabi can, ya zama Ansidium. Saura sunan haɗin. Wata safiya ta tara mu duka a bakin rumfa, har masu shara da mai gadi, aka kawo mata kujera.

Kafin ta gama bayani Malam Sabi'u ya gyara murya. Ya ce yana da shawara. Akwai wani Alhaji a Bebeji, babban mai sayen dashenmu, wanda ya taɓa cewa zai haƙa mana rijiyar burtsatse mai sola. Ku yanzu famfo kuke murɗawa, ba ku san lokacin ba. Rijiyarmu kan ƙafe da bazara, a koma sayen ruwan tanka, a sallami rabin ma'aikata su zauna a gida har ruwan sama ya sauka. Malam Sabi'u ya ce in aka sa wa furen sunan Alhajin nan, alkawarin da ya kwanta zai tashi. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma da ba ni da wata magana a ciki da na gyaɗa.

Hajiya ta juyo ta ce, "Haladu, kai ka yi haɗin. Wane suna ka zaɓa?"

Jama'a, ku gaya mini, ɗan Bahaushe ya miƙe a gaban maza da mata ya ambaci sunan uwarsa gatsal? Ko a makaranta wanda ya kama sunan uwarka ai dambe ya nema. In ce Inna kuma, a tambaye ni wace Inna, a yi dariya. Ga maganar ruwa an ɗora a gabana, ga idanun mutanen da ake sallama duk bazara. Na buɗe baki, na rufe. Na dubi ƙasa kamar na yar da allura.

Malam Sabi'u ya ce, "Shiru ma magana ce, Hajiya. Yaron kirki ne, ya amince."

Aka shafa fatiha aka watse. Na ji haushin manaja, na ji haushin Alhajin da ko saninsa ban yi ba, na fi jin haushin harshena da yake aiki kullum sai ranar da ake bukatarsa. Ranar na ba rumfar nan ruwan da ya ishe ta mako.

Washegari ina cikin cire busassun ganye na ji takun sandar Hajiya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta zauna a kan bulo ta ce, "Jiya ka haɗiye wata magana, na ga wucewarta a maƙogwaronka."

Na ce, "Babu komai, Hajiya."

"Babu komai ɗin nake tambaya."

Na ci gaba da cire ganyen. Ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya kamar likita. Mahaifiyarka na da rai? Na ce tana nan. 'Ya'yanka nawa? Na faɗa. Akwai mace? Na girgiza kai. Ta ce, "To, na gane. Yaya sunanta?"

Na sosa ƙeya na ce, "Sunanta ɗaya da babbar 'yarki, Hajiya."

Sai ta fashe da dariya, don ita ma duk da digirorinta ba ta faɗar sunan 'yar farinta. Ta ce, "Ka ga mun gamu. Kai ba ka faɗa, ni ba na faɗa." Ta aika aka kira Malam Sabi'u, shi da ba abin da ya haɗa shi da sunan ya faɗe shi raɗau har sau biyu, mu biyu muna kallon gefe.

Amma da ya fahimci inda maganar ta dosa fuskarsa ta canza. Ya ce, "Hajiya, jiya da yamma na kira Alhaji, na tura masa hoto. Har ya nuna wa iyalinsa. Alkawari kaya ne. In na koma na ce an fasa, ba rijiya kaɗai za mu rasa ba, har cinikin." Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba don aljihunsa yake yi ba, shi ne yake tsayawa ya dubi idon mutum ya ce masa ya tafi gida sai damina.

Na ce, "Hajiya, a bar shi kawai. Ruwa ya fi."

Ta ce, "Ban ce ka bari ba, ban kuma ce ka riƙe ba. Haƙƙinka ne a ƙa'idar aikin nan, ni da nake da lambun ba ni da ikon ƙwace shi. In kyauta za ka yi, ka je ka yi tunani, ka zo ka bayar da bakinka. Ba na karɓar kyautar da aka yi da shiru."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Magana ba ta ɓuya a lambu. Wasu suka daina amsa gaisuwata da kyau, na ji wani yana cewa saboda fure za su sha zaman bazara. Malam Sabi'u in ya hango ni sai ya bi ta layin gwaiba. Gaba kura baya sayaki. In na tuna Inna in ji ba zan iya saki ba, in na ga mai gadi da 'ya'yansa in ji ba zan iya riƙewa ba. A ƙarshe na yanke shawarar saki, na wanke hannu na nufi ofishin manaja in gaya masa da bakina kamar yadda Hajiya ta ce.

Ban kai ga zama ba ya ce, "Rufe ƙofa. Kada ka ce komai tukuna, na san abin da ya kawo ka, kuma ba na so." Ya ce tun ranar yake juya maganar, har matarsa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. Sannan ya tambaye ni, "Wannan sunan da ake sawa a ƙarshe a allon tukunya, a tsakanin 'yan ƙugiyoyi, na mene ne?"

Na ce laƙabi ne. Sunan haɗi na duk 'ya'yan ne gaba ɗaya, masu kyau da marasa kyau, kamar sunan gida. Amma in ɗaya ya fita daban a cikinsu, ana iya ba shi laƙabinsa shi kaɗai, kuma ba mai ɗaukar laƙabin sai shi da abin da aka raba daga jikinsa. Na san wannan sarai, amma ko kusa hankalina bai kai can ba.

Ya buga tebur ya ce, "To ai shi ke nan. Ku kun san fure, ni na san Alhaji. Mutumin da in ya ga irin hularsa a kan wani yake kyautar da ita, shi ne zai so sunansa a kan tukwane barkatai, har da ƙanjamammu? Guda ɗaya yake so, wadda babu mai irinta. Zaɓo mini wadda ta fi kowace kyau, gobe za mu Bebeji. Kuma kai za ka riƙe ta, in ta karye a hanya na kashe ka."

Haka muka tafi, tukunya a cinyata, kowane rami muka faɗa sai na yi salati. Muka samu Alhaji a zaurensa da mutane. Bayan an gaisa an daɗe, Malam Sabi'u ya ajiye tukunyar a gabansa. Alhaji ya yi ta yaba furen, sannan ya sa tabarau ya karanta ɗan allon da ke jiki, wanda muka rubuta da fensir tunda ba a yi rajista ba tukuna.

Ya ce, "Ina nawa?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe, a ƙarshe."

"A ƙarshe." Ya cire tabarau. "Sabi'u, ba haka muka yi da kai ba. Wace ce wannan da aka sa a gabana?"

Na zaci manaja zai kawo ɗaya daga cikin zaƙin bakinsa na ciniki, sai na ji ya faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Ya ce laifinsa ne, ya yi gaggawar alkawari da abin da ba nasa ba. Ya nuna ni ya ce ga wanda ya yi haɗin, ga halin da yake ciki, ga dalilin da ya sa ya kasa magana ranar taro. Sannan ya bayyana masa laƙabi, ya ce wannan tukunya ita ce zakaran gwajin dafin, kuma duk duniya babu mai ita sai shi.

Alhaji ya sake duban allon. Can ya dube ni ya ce, "Tana raye?"

Na ce, "Tana raye, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ni tawa takwara uku na yi mata, ba ta ga ko ɗaya ba." Ya mai da tabarau aljihu. "Uwa ai ba a shiga gabanta. Ku bar shi yadda yake." Ya sa aka shiga da tukunyar cikin gida, ya koma hirarsa. Rijiya dai ba a ambace ta ba ranar, kuma ba ta zo a bazarar nan ba, sai ta gaba, bayan Malam Sabi'u ya kusa cinye takalminsa a hanyar Bebeji.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Hajiya ta ce ba a sa sunan mai rai sai da yardarsa, don haka dole a tambayi Inna. Na san ta, tana iya cewa ina mata ba'a, tana iya cewa ba ta yarda a kai sunanta ƙasar da ba ta sani ba, kuma in ta ce a'a ba a sake tambaya. Ni kuwa ko da wuƙa a wuyana ba zan iya zama gabanta in fara wannan zance ba. Hajiya ta ce, "Kai dai kawo ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Na je Yako na ce wa Inna uwar ɗakina ce ke son su gaisa. Ta yi faɗa, wai don me ban faɗa da wuri ba ta yi shiri, ta dai ƙulla ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa. Na goyo ta a babur zuwa Kwanar Dangora, daga nan muka shiga ƙaramar bas. Duk tsawon hanya maganar da ta yi mini ɗaya ce, wai direban nan ba shi da iyali ne.

Suka gaisa da Hajiya kamar sun shekara da sanin juna, aka tambayi gida, aka tambayi ƙafa, aka tambayi amfanin gona. Sannan Hajiya ta kama hannunta suka shiga rumfa, ni ina bin su daga nesa ina yi kamar ina gyara tiyo. Ta nuna mata furen, ta gaya mata wanda ya haɗa shi da shekarun da ya yi yana reno, ta gaya mata abin da ake roƙo. Sunanta za a sa, a haɗa da na garinmu, don kada ya yi karo da na wata.

Inna ta ƙura wa furen ido. Sannan ta ce, "Sunana a jikin fure, Hajiya? Fure ai kwana nawa ne ya bushe."

Hajiya ta ce, "Furen zai bushe, baɗi ya sake fitowa. Sunan kuwa ya zauna kenan. Ko bayan ba mu, duk wanda ya haɗa iyayen nan da shi zai kira 'ya'yan."

"Ikon Allah." Ta gyara mayafi. "To 'yar wace ce? Ba a karɓar takwara ba a san asalinta ba."

Hajiya ta kai ta wajen uban ta ce baƙo ne, daga nesa ya zo. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Da gani." Sannan aka kai ta inda 'yar damisa take rataye a jikin kututture. Ta matsa kusa, ta shafa karan, ta leƙa saiwoyin, sai na ga ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

"Wannan ce uwar? Hajiya, ai manta-uwa ce."

Hajiya ta ce ta taɓa cin karo da sunan a wani tsohon littafi, amma ba ta taɓa jin sa a bakin mutum ba. Inna ta ce a wajensu tsofaffi sun san ta. In za a yaye yaro ya ƙi haƙura, ita ake samowa a daka a zuba masa a koko, wai ya manta da nono ya manta da mai nonon. Ta nuna ni da haɓa, ba ta ko juyo ba.

"Shi wancan da zan yaye shi, kukansa ya hana unguwa sakat. Kakarsa ta aika har kudu aka samo ta, ni da hannuna na dama masa." Ta sake shafa karan a hankali. "Ashe ba ta kama shi ba."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "A rubuta, Hajiya."

Na ajiye tiyo na zagaya bayan tanki, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifinmu. Tun da nake, wannan ce magana mafi kusa da yabo da na taɓa ji daga bakin Inna, kuma ta ishe ni har in mutu.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba shi da yawa. Aikinmu aikin asali ne, tsiron da ba a san uwarsa da ubansa ba ko ya kai wata kyau ba shi da daraja a wajen masu sani, don haka ku rubuta daidai, uwa a gaba. Mutanen aikin kuma kada ku yanke musu hukunci da wuri. Hajiya tana da ikon ta ce lambunta ne, ba ta ce ba. Malam Sabi'u da na kwana ina jin haushinsa shi ya je ya sunkuyar da kansa a zauren wani saboda uwar da ba tasa ba. Ba ni da abin biyansu, sai addu'a, kuma ina yi.

Sunan yana nan a jikin tukwanen layin gabas, mai son sani ya je ya karanta, don ba za ku ji shi a bakina ba. Mu nan Mai Sunan Inna muke ce mata. Inna tana nan da ranta, ƙafar ce dai sai a hankali. Har yau in na je Yako ba ta kiran sunana, amma kafin in gama ajiye babur za ta tambayi ƙanwata, da ƙarfi yadda zan ji, ko ana ba takwararta ruwa. Kullum nakan ce ana ba ta. Saboda haka duk wanda ya bar layin gabas ya bushe, da ni zai yi.